Alƙaluma ko dirama: da wanne zaku fara in kuna son mutane su shiga harkar kimiyya da kansu?

Duk sanda aka zauna za a tsara wani aiki na wayar da kai kan abin da ya shafi kimiyya, ko gurɓatar iska ce ko ruwan sha ko zafin da yake ta ƙaruwa ko wata cuta, sai kaga an rabu gida biyu. Wasu suce a ba mutane na'urar awo su tattara alƙaluma da hannunsu, a zana a taswira, a ba da labarin da lambobi tunda lamba ba a musu da ita. Wasu kuma suce haba, lamba bata shiga zuciya, a ba mutane kyamara su ɗauko abinda ke damunsu, ko a shirya wasan kwaikwayo, ko a yi zane, ko waƙa. Kuma gaskiyar magana yawanci kuɗin da lokacin da ake da su basu isa a yi duka biyun yadda ya kamata, dole sai an zaɓi wanda za a ɗora nauyin aikin a kai. Na daɗe ina juya wannan maganar a raina, kuma ina da inda na karkata, amma bari na shimfiɗa kowanne tukuna.

Kafin nan ma me yasa za a sa mutane cikin aikin, ba a bar masana su zo su yi bayani su tafi ba? Abinda ya faru da makiyayan tumaki a yankin Cumbria na arewacin Ingila shine amsar da nafi gamsuwa da ita. A Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, iska ta kwaso burbushin, ruwan sama ya sauke shi a kan tsaunukan da tumakin suke kiwo. Hukuma ta hana sayar da tumakin, akace ai sati uku ne komai zai wuce. Lissafin masanan an gina shi ne a kan ƙasa mai yumɓu wadda take riƙe sinadarin siziyom ta hana shi hawa cikin ciyawa, alhali ƙasar waɗancan tsaunukan mai tsami ce, ciyawa ta cigaba da zuƙo shi tumaki suna ci. Makiyayan sun san ƙasarsu, sun san inda ruwa yake kwanciya da inda tumaki suka fi son kiwo, har sun gaya wa masu bincike cewa tumakin dutse in ka killace su a shinge ramewa suke yi gwajin zai lalace, ba a saurare su ba kuma gwajin ya lalace ɗin. Takunkumin sati ukun nan sai a 2012 aka cire na ƙarshensa. Brian Wynne ne yayi nazarin wannan lamarin, kuma har yau ana kawo shi a matsayin hujjar cewa mai ɗaki shi yasan inda yake masa yoyo. Toh duka hanyoyin biyu da muke magana a kai ƙoƙari ne na kada a maimaita wannan kuskuren, sai dai ta ƙofa daban suke shiga.

Mu fara da alƙaluma. Kowa yana kawo taswirar John Snow ta kwalarar da ta ɓarke a unguwar Soho a Landan a 1854, inda ya sa alama a kan kowane gidan da aka mutu sai aka ga mace-macen sun taru a kewayen famfon titin Broad, duk da cewa shi hannun famfon an cire shi ne tun kafin a buga taswirar. Abinda ba a cika faɗa ba shine rawar wani limamin coci na unguwar mai suna Henry Whitehead, wanda da farko ma bai yarda da Snow ba, ya shiga gida-gida dan ya ƙaryata shi, tunda shi yasan mutanen kuma suna buɗe masa ƙofa suna gaya masa wa ya sha ruwan famfon wa bai sha ba. Daga ƙarshe shine ya gano jaririyar da aka zubar da ruwan wankin tsummanta a ramin da ke dab da rijiyar da famfon yake jan ruwa daga cikinta. Kaga tun daga tushe labarin lamba bai taɓa tsayuwa da ƙafarsa ba sai da wanda yasan mutane.

Inda hanyar alƙaluma take da ƙarfin da babu kamarta shine lokacin da akwai wani mai iko da yake cewa babu matsala. Garin Flint a jihar Michigan ta Amurka misali ne da ya kamata duk mai wannan aikin ya sani. A Afrilun 2014 aka sauya wa garin ruwa aka koma ɗiba daga kogin Flint ba tare da an sa maganin da yake hana ruwa cin bututu ba. Mutane suka shafe sama da shekara suna zuwa taro da jarkoki da kwalabe cike da ruwa ja-ja suna ɗagawa, ana ce musu ruwan lafiyarsa lau. Sai a 2015 mazauna garin, cikinsu har da wata uwa LeeAnne Walters, suka haɗa kai da tawagar Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech, aka raba kwalaben ɗiban ruwa, mutanen da kansu suka ɗebo daga gidaje sama da 250 aka auna, aka ga dalma a gidaje da yawa ta haura ma'aunin da hukuma ta ɗauka a matsayin na ɗaukar mataki, wato kashi 15 cikin biliyan. A Satumbar shekarar likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da alƙaluman jinin yara da suka nuna dalmar ta ƙaru bayan sauya ruwan, a Oktoba aka maida garin kan ruwan birnin Detroit da yake sha a da. Akwai wani abu a nan da nake so a lura da shi sosai. Jan da ake gani a kwalbar tsatsar ƙarfe ce, ita dalma bata da launi bata da ƙanshi, ruwa zai iya fita garau kuma yana ɗauke da ita. Wato abinda ido ya gani ya tada hankalin mutane daidai, amma ba shine ainihin gubar ba, kuma ba hoton da zai nuna maka ita. In matsalarku irin wannan ce, wadda bata ganuwa, dalma ko tururin nukiliya ko ƙurar da tafi ƙarfin ido, toh ba wata dirama da zata maye gurbin awo. Shi yasa bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a Maris 2011 'yan sa kai suka kafa Safecast suna yawo da na'urar auna tururi suna saka sakamakon a intanet kowa ya gani, saboda mutane sun daina yarda da abinda ake gaya musu.

Wanda yafi burge ni ta fuskar tsari shine CurieuzeNeuzen a yankin Flanders na Beljiyam. A Mayun 2018 mutum 20,000 suka rataya wani allo a tagarsu ta ɓangaren titi, a bayansa akwai 'yan bututu biyu da suke zuƙar iskar NO2, wadda galibi daga salansar motoci take fitowa. Bayan sati huɗu aka tura bututun ɗakin gwaji, jami'ar Antwerp da hukumar muhalli ta yankin suna cikin aikin, jaridar De Standaard kuma ta buga taswirar sakamakon titi-titi. Duba dabarar, na'urar bata buƙatar wuta bata buƙatar intanet ba abinda mutum zai iya ɓatawa sosai, kowa ya auna abu ɗaya a lokaci ɗaya ta hanya ɗaya, kuma allon da yake leƙowa daga taga ya sa maƙwabta suna tambaya mene ne wannan, hira ta tashi tun kafin sakamako ya fito. Amma kuma a duba abinda yake bayansu, jami'a da ɗakin gwaji da jarida da hukuma. Ƙungiya ta mutum goma bata da wannan.

Anan ne nake son na daɗe, domin wahalar hanyar alƙaluma ba a faɗa wa mutane ita tun farko. Na'urorin auna ƙura masu araha ɗin nan da ake haɗawa da hannu, irin waɗanda 'yan sa kai suka yaɗa daga Stuttgart a Jamus, suna aiki ne da haske, suna ƙirga abinda ya gifta ta gabansa, dan haka in laima tayi yawa a iska ƙwayoyin ƙurar suna kumbura da ruwa sai na'urar ta nuna lamba sama da gaskiya. In baku ajiye taku kusa da babbar na'urar da aka tantance na ɗan lokaci kun ga bambancin ba, ranar da kuka kai sakamakon gaban hukuma da wannan kaɗai za a kore ku, kuma abin takaicin za a kore har da ɓangaren da kuke da gaskiya. Na taɓa zama a wani ɗan taro da aka haska zanen awon sati biyu a bango, layin yana kwance sai dab da asuba ya miƙe sama kamar an soka masa allura, kullum a lokaci ɗaya. Wanda ya kawo na'urar yace raɓa ce, kar a damu. Wata mata da bata ce uffan ba tun da aka fara ta tashi taje har bangon ta ɗora yatsa a kan tsinin, tace a wannan lokacin ne ake cinna wa shara wuta a bayan katangar, ita tana fitowa aiki tana gani. Ɗakin yayi tsit. Kowannensu zai iya yin gaskiya, kuma abinda ya dace shine a koma a duba alƙaluman laima na waɗannan awannin a kuma rubuta ranakun da aka ƙona sharar da waɗanda ba a ƙona ba, haka akayi shawara. Amma da ace an tura zanen ne kawai ta waya an rubuta bayani a ƙasa, maganar sharar nan bazata taɓa fitowa ba. Dan haka ni a wurina shigar mutane a harkar alƙaluma ba a wurin tattarawa take ba, a wurin fassara take. In mutane suka tattara sannan wani ya tafi da su ofis ya dawo da ma'ana, leburanci suka yi masa kyauta.

Sai matsalar su waye suka fito. Masu lokaci da waya mai kyau da karatu sune suke karɓar na'ura, su kuma yawanci ba sune suke zaune a inda abin yafi muni ba, sai taswirar ta cika da ɗigo a unguwannin da suke da sauƙi, inda ake shan wuya kuma ya zama fari fat kamar ba komai. Sannan ɗigo a taswira gidan mutum ne. In ka nuna cewa gidan nan ruwansa da guba ko iskarsa tafi ko'ina lalacewa ka taɓa darajar gidan, ka taɓa mai haya da mai gida, ka kuma bar uwa da fargabar abinda yaranta suka riga suka sha. Dole tun kafin a fara a san me za a ce wa wanda sakamakonsa ya fito da muni, ina zai je, wa zai kira. In ba ku da amsar wannan ku dakata.

Ita kanta lambar ma yadda aka faɗe ta yana iya yin ɓarna. A 1995 a Birtaniya aka sanar cewa wasu sabbin ƙwayoyin tsarin iyali suna ninka haɗarin daskarewar jini, mata da yawa suka tsorata suka daina sha. Ninkin gaskiya ne, amma daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Gerd Gigerenzer, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ya daɗe yana nuna cewa mutane, har da likitoci, sunfi fahimta in akace mutum kaza cikin dubu maimakon kashi kaza cikin ɗari ko ninki kaza. Wannan ƙaramin abu ne da ba ya cin ko sisi, amma shine yake raba labarin lamba mai amfani da mai firgita mutane a banza.

Toh mu juya ɗaya ɓangaren. Hanyoyin ƙirƙira suna da yawa kuma ba ɗaya suke ba, kuskure ne a haɗa su a buhu ɗaya. Akwai wadda ake kira Photovoice, da Caroline Wang da Mary Ann Burris suka fara da matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1990. Aka ba matan kyamara suka ɗauki rayuwarsu, sannan suka zauna suna bayanin hotunan, aka nuna wa jami'an da suke tsara manufofi. Cikin abinda ya fito fili har da jarirai da ƙananan yara da ake ajiyewa a gefen gona ba mai kula da su saboda iyayen suna aiki, maganar da ba lallai mai bincike da ya zo da takardar tambayoyi ya sa ta a lissafi ba. Hoton shi kaɗai ba shine aikin ba, zaman da ake yi a kansa shine aikin, me kika gani a nan, me yake faruwa a zahiri, me ya jawo shi, me zamu iya yi.

Akwai wasan dandali irin na Augusto Boal ɗan Burazil, wanda ya ginu a kan tunanin Paulo Freire, masanin harkar ilimi ɗan ƙasarsu. Ana yin gajeren wasa da yake ƙarewa da matsala ba a warware ba, sai a sake shi daga farko, duk wanda yake kallo yana da damar cewa a tsaya, ya hau ya karɓi matsayin wanda abin ya dama ya gwada tasa dabarar, sauran 'yan wasan kuma su maida masa martani yadda mutane zasu yi da gaske. A ce maganar rigakafi ce. Lakca zata gaya wa uwa cewa allurar tana da amfani, ita kuma ta riga ta sani, abinda ya hana ta shine wanda zata nemi izininsa a gida da nisan wurin da yadda aka yi mata tsawa wancan zuwan. A dandali waɗannan duka suna fitowa, kuma suna fitowa ba tare da kowa ya tona asirin gidansa ba tunda ai wasa ne. Wannan rufin asirin ba ƙaramin abu bane, shine dalilin da yasa a kan duk abinda ake jin kunyarsa ko tsoronsa nake fifita dirama a kan takardar tambayoyi. Haka matan da suke ɗauke da cutar HIV a Cape Town suka yi a farkon shekarun 2000, suka zana siffar jikinsu a babbar takarda suka cika ta da abinda cutar da maganin suke musu, abinda da baki zai yi nauyin faɗa.

Sai bidiyo. A 1967 a tsibirin Fogo na Newfoundland a Kanada, lokacin da gwamnati take da shirin kwashe mutanen ƙananan ƙauyukan masunta, Colin Low na hukumar fina-finai ta ƙasar ya ɗauki gajerun fina-finai da mutanen, aka riƙa haska su daga wannan ƙauye zuwa wancan, ƙauyukan da basu cika haɗuwa ba suka ga ashe damuwarsu ɗaya ce, aka kuma kai wa jami'an gwamnati suka kalla. Mutanen suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta masunta, ba a kwashe su ba. Ba fim kaɗai yayi wannan ba, amma ya sa sun ji juna. Kuma ƙa'idar da aka bi a can har yau itace ta dace, wanda aka ɗauka shi zai fara gani ya amince kafin a nuna wa wani.

Ƙarfin wannan ɓangaren a taƙaice, baya tambayarka takardar makaranta, yana fito da tambayar da ba wanda ya yi tunaninta, kuma yana saurin kankama, a rana biyu ko uku an fara ganin wani abu alhali awo sai an jira makonni ko ma a zagaye damina da rani kafin a iya cewa komai. Amma rauninsa ma a fili yake kuma bana son masu sonsa su riƙa kauda kai. Na farko gaskiyar kimiyyar tana iya zamewa. Ɗan wasa yana son dariya da tafi, in ƙarya ta fi daɗin faɗa zata shigo, sai a tashi taro mutane sun tafi da abinda ba daidai ba kuma sun tafi da shi da ƙarfi saboda ya taɓa musu zuciya. Dole a samu wanda yasan fannin yana zaune a wurin atisaye, ba ranar nuni kaɗai ba. Na biyu mai iko yana iya tafa muku ya yaba, ya ce wannan labarin mutum ɗaya ne, ya wuce, kamar dai yadda aka yi da kwalaben Flint. Na uku komai ya rataya ne a kan mai jagorantar zaman. In bai ƙware ba masu baki zasu cinye wurin, mai kunya ta koma gida da maganarta, ko a sa mutum ya buɗe ciwon da ba wanda zai iya rufe masa bayan an watse. Ga kuma maganar hoto, wanda ya riƙe kyamarar ya amince, amma wanda ya fito a hoton fa, musamman yara? Da zarar ya hau Facebook ko WhatsApp ya bar hannunku har abada. Sannan tafi ba fahimta bace, cikar fili ba shaida bace cewa wani ya canza abinda yake yi, kuma masu wannan hanyar sun fi kowa sakaci wurin komawa bayan wata uku su tambaya.

Akwai tsakiya, kuma tana da daɗi. Zanen ratsin ɗumamar yanayi da Ed Hawkins na jami'ar Reading ya fitar a 2018, kowace shekara ratsi ɗaya, shuɗi in tayi sanyi ja in tayi zafi, ba lamba ba rubutu, yaro ma in ya kalla yaga inda aka dosa. Mutane sun saƙa shi a mayafi sun fente shi a bango. Giorgia Lupi da Stefanie Posavec kuma sun shafe sati 52 kowacce tana ƙirga wani ƙaramin abu na rayuwarta tana zana shi da hannu a kati tana aika wa ɗayar tsakanin New York da Landan, suka nuna cewa takarda da fensir mai launi sun isa. Irin wannan nafi so a zaman jama'a, a shimfiɗa babbar takarda a ƙasa kowa ya ɗora nasa ɗigon da hannunsa, domin wanda ya ɗora ɗigo da kansa baya jin tsoron zanen, yasan kowane ɗigo mutum ne. Sai dai kar mu ruɗi kanmu, saƙa ratsin da wani ya lissafa hanya ce mai kyau ta isar da saƙo amma ba shiga cikin binciken bane. Tun 1969 Sherry Arnstein ta zana tsani mai matakai takwas na shigar jama'a, matakan tsakiya irinsu sanarwa da neman shawara ta kira su na je-ka-na-yi-ka ne, saman tsanin shine inda mutane suke da iko a kan shawara. Duka hanyoyin biyu ana iya yin su a ƙasan tsanin ana iya yin su a sama.

Yanzu zaɓin. Tambayar farko da zan yi muku, kun riga kun san tambayarku? In kun sani sarai, misali akwai dalma a ruwan nan ko babu, iskar ƙofar makarantar nan ta wuce ƙa'ida ko bata wuce ba, kuma akwai ma'aunin doka ko na Hukumar Lafiya ta Duniya da za a gwada da shi, ku tafi alƙaluma kai tsaye kar ku ɓata lokaci. In kuwa abin da kuke da shi kawai shine mutane basa zuwa, ko basa yarda, ko ana ta rashin lafiya ba a san dalili ba, toh baku san me zaku auna ba tukuna, kuma in kuka sayi na'ura a wannan halin zaku auna abinda na'urar ta iya ne ba abinda yake damun mutane ba. Ku fara da hoto ko dirama.

Ta biyu, wa kuke son ya motsa? In hukuma ce ko kamfani ko kotu, sai lamba, kuma lambar da wani ɗakin gwaji ko jami'a zai tsaya a bayanta. Ku nemo wannan abokin aikin tun kafin ku ɗebi ko kwalba ɗaya, ku rubuta yarjejeniya a kan wa yake da alƙaluman, wa zai fara ganin sakamako, wa zai yi magana da 'yan jarida, domin ko a Flint daga baya an samu saɓani mai zafi tsakanin wasu mazauna da masanan da suka zo daga waje a kan wa yake magana da yawun garin. In kuwa mutanen ne da kansu ake son su sake tunani ko su fahimci juna, hanyar ƙirƙira tafi kai wa nesa ba kusa ba. Ta uku, me kuke da shi a hannu da gaske? In a cikinku akwai mai iya riƙe taro da haƙuri amma babu mai iya tantance alƙaluma, amsar ta fito, haka in akasin haka ne. Kar a zaɓi hanya saboda itace ake yayi ko ita mai ba da tallafi yake son ji.

Ni inda na tsaya, ga ƙaramar ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, shine a fara da hoto. Sati biyu kowa ya ɗauko guda biyar da wayarsa ko wadda aka ara masa, a zauna a baje su, mutanen su zaɓi damuwa ɗaya da tafi maimaituwa. Daga nan a nemi abu ɗaya tak da za a iya aunawa ko ƙirgawa da kyau a kan wannan damuwar, ko da da takarda da biro ne, kwana nawa famfo ya kawo ruwa, mota nawa take tsayawa da inji a kunne a ƙofar makaranta, dare nawa hayaƙin ya tashi, kowa ya rubuta a lokaci ɗaya ta hanya ɗaya. In an gama a dawo ɗakin da aka fara, waɗanda suka ɗauki hotunan su zana sakamakon da hannunsu su faɗi abinda suke ganin yana nufi, masanin ya zauna a cikinsu ya gyara inda lissafi ya kauce ya kuma faɗi a fili abinda alƙaluman basu isa su tabbatar ba. Ranar da za a je gaban hukuma a tafi da takarda ɗaya mai zane ɗaya da hotuna biyu ko uku waɗanda masu su suka amince a nuna, kuma wadda ta ɗora yatsa a kan tsinin nan ita zata fara magana.